Lambun Delmar a Ƙarƙashin Ruwa

Duk mai hankali a garin Harlan Ford ya san lokacin kamun kifin nan da ake kira bas. Ka tashi tun kaji ba su sauko ba, ka tura kwalekwalenka cikin tafki ruwa na da sanyi, kafin ƙarfe tara ka naɗe kayanka ka wuce shagon Miss Opal, ka zauna ƙarƙashin fanka da kofi da soyayyen ƙwai ka yi ta zuba ƙarya. Haka iyayenmu suka yi a wannan yanki na Alabama, haka muka taras. Delmar Tidwell kaɗai ne ya duba ya ga cewa duk garin ne ba su da hankali.

Shi sai sha biyu saura yake fita. Ko a watan Yuli, lokacin da kwalta ke laushi, karnuka sun shige ƙarƙashin motoci sun zazzago harshe, za ka ga tsohuwar a-kori-kurarsa ja tana jan kwalekwale ta gaban shagon. Dogon mutum ne siriri, wuyansa ya ƙone ya yi layi-layi kamar bayan tsohon takalmi, da wata hular kaba wadda ta girmi wasu daga cikin masu yi masa dariya. Yakan tsaya ya sayi ƙanƙara da gwangwanin sardin biyu, kuma a nan ake taɓa shi. Hoyt Gandy, ƙanin matarsa, shi ke fara buɗe baki, don Hoyt irin mutanen nan ne da shiru ke sa musu ciwon kai.

"Delmar, ina zuwa da ranar nan? Kifin ma ya tafi barci."

"Naku ne ke barci. Nawa yanzu ya wanke fuska."

"To ka tafi da mai da gishiri. In ka soyu, a kawo wa yayata ko ƙashi ne ta binne."

"Kai nawa ka kama yau?" in ji Delmar.

"Uku."

"Uku har da wanda ya tsere da wanda ka gani a mafarki?"

Sai a kwashe da dariya, ya ɗauki ƙanƙararsa ya fita. Wajen ƙarfe uku kuma ya dawo ya tsaya a daidai wurin, wai ya manta bai sayi ashana ba, alhali ba ya shan taba. Ya bar murfin akwatin kifin a buɗe. Bas biyar, masu ƙiba, kowanne bakinsa zai ɗauki dunƙulen hannu. Mutane su kewaye mota suna roƙo.

"Haba Delmar, ko gefen da yake ka faɗa mana. Gabas ko yamma?"

"A ruwa yake," in ji shi.

Ba don wayo ya fara kamun tsakar rana ba, ko da yake daga baya haka ya riƙa faɗa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan bayan gari. Lokacin da mutane ke jefa ƙugiya shi yana jera ambulan, kuma ba ya samun kansa sai rana ta take. To mutum bai da zaɓi, sai ya mai da dole ta zama aƙida. Ya zauna ya yi nazari, ya fito da nasa karatun, wanda duk wanda tsautsayi ya haɗa shi kujera ɗaya da shi sai ya ji. Da safe, in ji shi, bas yana yawo ko'ina, sai ka yi ta binsa kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Amma da rana ta zo tsaka, dole ya nemi inuwa da ruwa mai sanyi ya lafe. In ka san inda inuwar take, ka san lambar gidansa.

"Ni ban taɓa bin mutum a titi ina miƙa masa wasiƙa ba," yakan ce. "Gida nake kai masa."

Kuma aikin wasiƙar ne ya ba shi gidan. Duk makon farko na Janairu, mutane kan jawo bishiyoyin Kirsimeti da suka bushe su yar a bakin hanya, gefen akwatin wasiƙa. Delmar yana wucewa yana lura da su. In ya tashi daga aiki sai ya dawo da motarsa ya kwashe, ya ɗaure wa kowacce bulo biyu da waya. Sai ya jira ranar da ake ruwa mai sanyin tsiya, ranar da ko mahaukaci ba zai leƙa tafki ba, ya loda su a kwalekwale ya je ya nutsar. Wuri ɗaya yake zubawa, a inda tsohon rafi ya yi kwana kafin a gina dam ruwa ya cinye kwarin, zurfin ƙafa ashirin da biyu. Shekara bayan shekara bishiyoyi suka taru a ƙasa, ƙananan kifaye suka tare a cikin rassan, manya suka biyo su. Wannan wurin shi yake kira lambu. Wasu ma suna nutsar da bishiyoyi, ba shi ya ƙago abin ba. Amma na wasu shara ne, in ji shi.

A saman ruwa babu komai. Babu sanda, babu alama, ruwa ne kawai shimfiɗe kamar ko'ina. Yadda yake gane wurin, layi biyu ne. Zai tafi a hankali har hasumiyar cocin Baptist ta hau daidai kan ƙafar hagu ta babban tankin ruwan gari. Sai ya bi wannan layin har jan rufin rumbun gonar su Kilgore ya leƙo daga bayan tsibiri. Inda biyun suka haɗu, nan ne. Bai taɓa rubuta wannan a takarda ba, don mutumin da ya yi shekara talatin yana gane halin mutane daga bayan ambulan ba ya yarda da takarda.

Wannan kallon hasumiyar ya jawo masa mutunci da bai nema ba. Wata Lahadi Fasto Lunsford, sabon zuwa a lokacin, ya tsaya a gaban jama'a ya ce shi ya ga abin da ya taɓa zuciyarsa. Ya ce ya wuce ta kan gada da tsakar rana, ya hangi ɗan'uwa Delmar shi kaɗai a tsakiyar ruwa, ya ɗaga kai ya ƙura wa gicciye ido, ko ƙyaftawa ba ya yi. Ya ce da dukanmu za mu riƙa duban gicciye haka, da garin nan ya gyaru. Mata suka ce amin. Nadine, matar Delmar, ta sunkuyar da kai tana kakkaɓe siket ɗin da ba abin da ya same shi. Delmar kuwa ya gyara zama ya karɓi yabon duka, bai rage ba. Abu ɗaya ne ya dame shi, wato ashe ana hango shi daga kan gada.

Daga ranar ya ƙara tsaro. Ba ya nufar lambu kai tsaye. Sai ya tsaya a wuraren ƙarya uku, ya jefa ƙugiya, ya yi fuskar mai aiki, ya ci sardin da biskit mai gishiri, ya waiga gabas ya waiga yamma. In ya kama kifi wani kwalekwale ya doso, sai ya saki zare ya tura kan sandar kamun kifin cikin ruwa ya yi hamma. An ce ya taɓa riƙe wani ƙaton bas a ƙarƙashin ruwa minti ashirin yana hira da wani baƙo daga Georgia a kan ciwon gwiwa. Da baƙon ya tambaye shi ko ana samu a nan, ya ce shi bai taɓa ganin mataccen ruwa irin wannan ba, ya zo ne kawai don ya huta da matarsa.

Haka ya yi ta yi har ya bar aiki, har ya kai saba'in da huɗu. Sai idonsa ya fara yi masa tsiya.

Da farko layukan jarida ne suka karkace. Sannan wani tabo ya zauna a tsakiyar duk abin da ya kalla. In ya dubi Nadine sai ya ga gashinta da kunnuwanta da labulen bayanta, amma fuskar babu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon mutane ta gefen ido kamar kaza, ana ta cewa tsufa ya ƙara masa wulaƙanci.

Ranar da abin ya kama shi da gaske, farkon Yuni ne. Ya gama zagayen wuraren ƙaryarsa, ya juya kan kwalekwale ya ɗaga ido zai nemi hasumiya. Babu ita. Ya ga sararin sama, ya ga koren bishiyoyi a gefe da gefe, amma inda ya sa ido, toka-toka ne kawai. In ya kau da kai sai wani farin abu ya bayyana a gefe, in ya juyo ya kama shi sai ya gudu. Tankin ma haka. Ya yi awa biyu yana kewaya, yana jefa tanar roba tana jan laka, babu ko reshe ɗaya da ya taɓa ta. Lambun da ya dasa da hannunsa yana nan ƙarƙashinsa a wani wuri, ƙila taku goma, ƙila ɗari, shi kuwa ya zama baƙo. Tsoro ya kama shi a cikin ranar nan, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. A shagon Miss Opal bai tsaya sayen ashana ba.

A hanyar gida ya kwashe akwatin wasiƙar maƙwabcinsu da gefen mota, shi da ya yi shekara talatin da ɗaya bai taɓa goga ko ɗaya ba. Nadine ta karɓe mukullai a ranar, ta kai shi wurin likitan ido a Tuscaloosa. Likita ya ce ba zai makance gaba ɗaya ba, gefe-gefen zai rage masa, amma tsakiyar ta tafi ke nan. Tuƙi kuma a manta da shi.

Wata guda kwalekwale na kife a bayan gida. Delmar yana zaune a baranda, da sha biyu saura ta yi sai ya fara kaɗa ƙafa. Ya soki abinci, ya soki fanka, ya soki yadda Nadine ke rufe ƙofa. Ita kuma mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta irin mai awo ne, in ya cika ya cika.

"Delmar, ka gaya wa mutum ɗaya ya riƙa kai ka. In ba haka ba ɗayanmu zai kashe ɗaya, kuma ni ce mai gani."

"Ke zan gaya wa."

"Ni? Shekara arba'in da takwas ban shiga wannan kwanon ba, sai yanzu da gwiwoyina suka mutu? Kuma ka san ni. Kafin Laraba duk 'yan ƙungiyar waƙar coci sun ji."

Wannan gaskiya ce, bai musa ba. Ta kawo maganar na'urar nan da ake maƙalawa a kwalekwale tana nuna ƙasan ruwa. Ya ce shi da ba ya ganin tankin da ya fi coci tsawo, ta yaya zai ga allo kamar tafin hannu. Ta ce Fasto fa? Ya ce Fasto zai sa shi a wa'azi. Suka bi mazan garin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɓarawo ne, wannan yana da 'ya'ya maza huɗu, wannan ya mutu tun bara Delmar ya manta. Da aka tace aka tace, sai aka ga ba wanda ya rage sai Hoyt.

"Hoyt," in ji Delmar. "Gara in sa a rediyo."

"Ƙanena ne, yana da mota, ba ya aikin komai. Kuma duk surutunsa bai taɓa gaya maka abin da na ce a kanka ba."

"Me kika ce a kaina?"

"Ka gani?"

Kwana tara yana juya abin. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Bai tara dukiya ba, 'yarsu ɗaya tana can Ohio ba ta cin kifi, ba a taɓa sa sunansa a jikin ko benci ba. Abin da ya mallaka wanda ba wanda ke da shi, layi biyun nan ne. In ya faɗa, ya zama tsoho kamar kowane tsoho. In bai faɗa ba, ya zauna a baranda har a zo a ɗauke shi. A rana ta goma zafi ya kai inda ya kai, iska ta tsaya cak, irin ranar da kifi ke cushe a lambu kamar mutane a gidan biki. Ya ce wa Nadine ta kira ƙaninta.

Hoyt ya zo da tumbinsa da murmushinsa ya zauna a teburin kicin. Delmar ya ce sai ya rantse, ya aika a ɗauko Littafi Mai Tsarki. Nadine ta ce ba da nata ba, ba za a dafa maganar Allah a kan kifi a gidanta ba. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka sasanta a kan littafin waƙoƙin coci. Hoyt ya dafa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ba zai je shi kaɗai ba, ba zai nuna da yatsa ba ko da wasa.

"In na mutu fa?" in ji Delmar.

"In ka mutu sai in huta."

"Ko na mutu."

"Ko ka mutu. To a ba ni shayi, rantsuwa na sa ƙishi."

Washegari sha biyu saura suka tura kwalekwale. Hoyt ya zo da lemar matarsa mai furanni, da tawul a wuya, da galan ɗin shayi mai ƙanƙara, tun kafin a tada inji ya jiƙe sharkaf yana tsine wa rana. Shi ya zauna a baya wurin inji. Delmar ya zauna a gaba, wurin da bai taɓa zama ba a cikin kwalekwalensa. Da suka yi nisa da gaɓa ya ɗaga hannu a tsaya. Ya saurara ko akwai wani inji kusa. Babu, tafkin nasu ne su kaɗai. Ya sa Hoyt ya matso, ya rage murya kamar ruwan na da kunne, ya faɗa. Hasumiya a kan ƙafar hagu ta tanki. Jan rufin Kilgore daga bayan tsibiri. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da maganar, ashe ba ta kai numfashi biyu ba. Da ya gama sai ya ji cikinsa wayam.

"To," in ji Hoyt. Ya ja inji.

Ba a yi minti shida ba ya kashe, ya saki anga.

"Mun zo."

"Mun zo ina? Ka duba da kyau. Ƙafar hagu na ce, ba ta dama ba."

"Jefa mana ka gani."

Delmar ya laluba ya soka tanar roba a ƙugiya, wannan ba ya buƙatar ido. Ya jefa, ya bar dalma ta ja ta ƙasa, yana ƙirgawa a zuci. Ta sauka. Ya ɗaga kan sanda a hankali, ya ja kaɗan. Sai ya ji ta. Tanar ta hau wani reshe, ta tsaya, ta zame ta faɗa kan na ƙasa. Ya san wannan bishiyar. Babbar nan ce da ya ɗauko daga ƙofar banki shekara uku da suka wuce, wadda ta kusa kifar da shi. Daɗi ya rufe shi har ya ji idonsa na zafi, ya juya baya don kada Hoyt ya samu abin faɗa.

Sai daɗin ya fara tsami. Mutumin da tsakiyar idonsa ta mutu, gefen idonsa ba abin da ke wuce shi. Tun da aka ja inji yana ganin inuwar Hoyt ta gefe, kuma kan Hoyt a sunkuye yake ƙarƙashin lema, yana fama da murfin galan. Bai ɗaga kai ya nemi coci ba. Bai waiga tsibiri ba sai sau ɗaya, a ƙarshe. Bai yi kewaye ko ɗaya ba. Shi kansa Delmar, da idonsa garau, sai ya yi gyara biyu ko uku kafin ya dace.

Ya naɗe zarensa tsaf, ya ajiye sanda a cinya.

"Hoyt."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ka mai da ni ɗan iska. Makaho ne ni, ba wawa ba."

Hoyt ya kurɓi shayi, ya goge wuya, ya kurɓa kuma. Karo na farko a rayuwarsa yana neman magana.

"Shekara sha tara. Ko ashirin."

"Kuma kana zuwa kana kwashe min kifi."

"Sau biyu na zo, da safe. Ko cizo ban samu ba. Wurin nan sai da rana yake ci, kai ka faɗa da bakinka. Wa zai zo ya zauna a cikin wannan wutar saboda kifi? Muna da fanka a gida."

"Muna? Ku nawa ne?"

"To, ni. Da mutanen shago. Da Miss Opal." Ya kurɓi shayi. "Fasto ma ya sani. Daga baya aka yi masa bayanin gicciyen."

"Amma kuke kewaye motata kuna roƙona."

"Ai kana jin daɗi ne. Mu ma muna ji."

Delmar ya juya maganar a ransa. Ya tuna wuraren ƙarya uku, da sardin ɗin da ya ci a banza a cikin rana, gwangwani wajen dubu nawa. Ya so ya yi fushi, fushin ma ya zo, sai dai bai san wa zai bai wa ba.

"Wane munafukin ne ya bi ni?"

"Ba wanda ya bi ka. Royce ne ya nuna min."

Royce yayan Delmar ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Ma'aikacin ruwan gari ne, shi ke hawa tankin nan yana duba shi yana yi masa fenti.

"Ya ce yana can sama wata rana a Janairu, ana yayyafi, sai ya ga daji guda yana tafiya a kan ruwa," in ji Hoyt. "Ya duba da kyau, ashe kai ne a tsakiya. Daga nan kuma duk Asabar in yana sama, sai ya ga ka zo ka tsaya ka ƙura masa ido. Har hannu ya taɓa ɗaga maka."

Hoyt ya yi dariya, amma shi kaɗai. Don akwai abin da Delmar bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Nadine. A bazarar ƙarshe ta Royce, lokacin da huhunsa ya ƙare yana yawo da tulun iskar numfashi, ya ce wa Delmar, ƙanena, kai ni inda kake kama su, sau ɗaya dai in gani. Delmar ya ce to, kuma da niyyar gaskiya ya fito. Ya ɗauke shi ya sa a kwalekwale, shi da tulunsa. Suna tsakiyar ruwa sai ya tuna yadda ɗakin Royce ke cika da masu dubiya, da yadda Royce ke son ba da labari. Hannunsa ya karkata inji da kansa. Ya kai shi wurin ƙarya na biyu, kusa da gada. Awa uku suka yi a rana, Royce ya kama wani ɗan ƙaramin abu da bai kai tafin hannu ba. Da za su koma ya dafa kafaɗarsa ya ce wuri mai kyau ne, na gode. A watan Oktoba aka binne shi. Shekara goma sha ɗaya Delmar yana lallashin kansa da magana ɗaya, cewa ai Royce bai sani ba, ya tafi da farin cikinsa.

"Ranar da na fita da shi," in ji Delmar. "Ya gaya maka?"

Hoyt ya daina dariya. "Ya gaya min."

"Me ya ce?"

"Bar shi kawai, Delmar."

"Me ya ce?"

"Ya ce ka kai shi gada. Dariya yake yi har tari ya sarƙe shi. Na ce bari in je in same ka in zage ka tas. Ya riƙe min hannu ya ce in na kuskura sai ya dawo ya shaƙe ni. Ya ce ku bar masa, kar wanda ya nuna masa an sani. Shi ke nan abin da yake da shi."

Ba iska, ba motsi. Ruwa na ɗan bugun cikin kwalekwale. Delmar ya ɗaga kai wajen gari, inda ya san tankin yake, bai ga komai ba sai tabon nan. Kunya ta kama shi, da kewar yayansa, su biyun a lokaci guda, har ya rasa wadda ta fi ciwo. Ya cire hula ya share fuska da ita, ya daɗe yana sharewa. Hoyt ya ga abin da bai kamata ya gani ba, sai ya shiga gyaran lema da ba ta lalace ba.

Can Delmar ya mai da hularsa.

"Ka zo da sanda, ko shayi kawai ka zo sha?"

"Na zo da ita."

"Ajiye lemar nan, ka zama kamar matar fasto. Taso ka dawo nan inda nake." Suka yi musanyar wuri, kwalekwale na tangaɗi, kowa na zagin ƙafar ɗan'uwansa. "Kar ka jefa inda na jefa, ƙanana ne a can. Ka ga inda igiyar anga ta shiga ruwa? Hagu da ita, kamar tsawon mota biyu. Akwai wasu tsofaffin bishiyoyi guda uku da suka faɗa kan juna, da rami a tsakaninsu. Manyan a nan suke kwana. Ka bar tanar ta sauka har ƙasa, kar ka yi ta fizga kamar mai korar ƙuda."

Hoyt ya ɗaga sanda, sai ya tsaya ya dube shi.

"Ka tabbata ba gada ka kawo ni ba?"

"Jefa," in ji Delmar. "Nan ne. Nan ya kamata in kawo Royce."